Agarar Kanza

Shekara hamsin da ɗaya ina ɗori a unguwar Darb Sultan. Ubana ya yi, ubansa ma ya yi. Karaya, targaɗe, gocewar ƙashi, duk sun bi ta ƙarƙashin babban yatsana. Karatuna na allo ne, shi ma shekara uku. Ban taɓa jiran hoton asibiti kafin in san inda ƙashi ya rabu ba. Sunana Bushta. A unguwa Mu'allim ake ce mini.

'Ya'yana huɗu. Maza uku, babu wanda ya gaji hannun. Ɗaya yana tuƙa tasi, ɗaya yana Italiya, ɗaya yana gyaran waya. Autar, Kanza, ita aka ba. Tana shekara tara take riƙe mini ƙafar ƙato ina ja, ba ta ko ƙifta ido. Tana sha biyu ta gane tsagewar ƙashi a hannun wani magini tun kafin in taɓa shi. Na ce a raina, to, gidan nan bai mutu ba.

Sai ta zaɓi rawa.

Ba rawar biki da kowa ya sani ba. Wata iri ce da ake yi a gidan wasa, ƙafa ba takalmi, ba ganga, ba guɗa, 'yan kallo suna zaune cikin duhu kamar masu zaman makoki. Ta tafi Faransa shekara shida, ta dawo ta haɗa ƙungiyarta. Ban hana ta ba, ban kuma sa albarka ba. Shekara goma sha bakwai tana wannan abu ban taka ƙofar gidan wasa ba. In an tambaye ni a masallaci sai in ce tana koyar da motsa jiki.

Wata Asabar da hantsi na ɗaga labulen ɗakin ɗori na gan ta zaune a benci, tsakanin wani ɗan dako mai gocewar kafaɗa da wata tsohuwa. Layi ta bi. Na bar ta ta bi. Sai da na sallami su biyun.

"Wa ke biye?"

"Ni ce, Mu'allim."

Ta hau tabarma ta miƙo ƙafar hagu. Agara ce, jijiyar nan da ke riƙe da diddige. Ta kumbura a tsakiya kamar ƙwallon dabino, sama da kumburin kuma akwai wurin da ya sirance. In ta motsa ƙafar sai in ji tana ƙara a ƙarƙashin yatsana kamar sabon kirgi.

"Tun yaushe?"

"Wata biyu."

"Ƙarya kike."

"Bakwai."

"Wa ya soke ki a nan?"

"Likita. Allurar kashe zafi ce."

"Sau nawa?"

"Uku."

"Ya kashe zafin ya bar miki ciwon. Wata uku ba rawa, ba gudu, ba hawa bene da sauri."

"Ran Alhamis muke buɗe wasa, Baba."

"To ran Alhamis za ki gurgunce."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce shekara biyu tana haɗa wasan. Kwana uku kacal aka ba su a babban zaure. Masu zaɓen wasanni za su zo daga ƙasashen waje. Mutum biyar ke cin abinci a bayanta. Shekararta talatin da takwas, kuma mai rawa a wannan shekarun ba a kiranta sau biyu.

Na ce, "Sa wata ta yi."

"A jikina na ɗinka shi. Ba wadda za ta iya cikin kwana biyar."

Uwarta, Hadda, ta shigo da tiren shayi. Ta dube ni, ta dube ta.

"Kai ɗaya Allah ya yi na dutse, ya fasa shi biyu ya raba muku. Ɗaure mata, tsoho. In ka ƙi, da tef ɗin kanti za ta naɗe ta tafi."

"Wa ya tambaye ki?"

"Shekara arba'in da shida ba ka tambaye ni ba, na taɓa fasa faɗa?"

Ɗorina na tsinken gora ne da gari da ƙwai. Ba a rawa da shi. Na nemo siririn ƙyalle, na murza ƙafar da man zaitun, na yi ɗaurin da ke ɗaga diddige kaɗan ya rage wa agara ja. Na gaya mata gaskiya: wannan ba magani ba ne, lallashi ne. Kuma ba ya kwana. Sai an sabunta shi kafin kowace rawa, sai kuma hannuna.

Dalilin da ya kai ni gidan wasa ke nan, ran Talata bayan azahar, lokacin gwajinsu na ƙarshe.

Kujeru ɗari-ɗari, duk babu kowa. An shimfiɗa baƙar roba a dandamali. Wani dogon saurayi da ya ɗaure gashinsa a ƙeya ya zo ya sumbaci hannuna. Marwan sunansa, shi ne abokin rawarta.

"Barka da zuwa, Alhaji."

"Ban je Makka ba."

"To, Mu'allim."

"Kai ne mai ɗaga ta?"

"Ni ne."

"Kar ka dire ta a kan hagu. Ko sau ɗaya."

"Na ji."

"Ka kuma aske kan nan."

Ya yi dariya, yana tsammanin wasa nake. Na ɗaure ƙafar, na sauka na zauna a layi na uku.

Aka kashe fitilu. Abin da suke kira kiɗa ya fara, wani gurnani kamar na tsohon firji, da ɗigar ruwa. Su shida suka fito suna tafiya a hankali. Na ce a raina, wannan ne aka tafi Faransa dominsa? Sai na ga ɗaya daga cikin mazan ya tallabe gwiwar hannunsa, ya karkatar da wuya gefe. Na san wannan tafiyar. Haka mai gocewar kafaɗa yake shigowa ɗakina. Wata yarinya ta biyo baya tana jan ƙugu, tafin ƙafarta ya juya waje. Tsohuwa mai karayar ƙugu ce sak. Ashe duk shekarun da Kanza ta yi tana riƙe mini ƙafafun mutane, kallonsu take yi tana ajiyewa. Bencina ta kwaso ta zuba a kan dandamali.

Suna faɗuwa suna tashi. Ita ma ta faɗi sau huɗu, na daure. A na biyar ta juya, ƙafar ta lanƙwashe, ta zube. Ta yi ƙara rabi ta haɗiye sauran. Hannunta ya tafi wajen idon sawun, ya tsaya sama da shi bai taɓa ba. Mai ƙaryar ciwo cafke wurin yake yi yana ihu. Wanda ya karye da gaske ba ya yarda ko hannunsa ya taɓa. Ba kowa ya san wannan ba.

Ban san lokacin da na hau ba. Na ture Marwan, na durƙusa, na kama ƙafar.

"Ku kunna wuta! Ku ba ni wuri!"

Aka kunna. Na bi ƙashin da yatsa. Lafiya lau. Na bi agarar. Tana nan yadda na bar ta.

Wani ya fara dariya, saura suka kama. Mai kula da fitilu ya leƙo daga can sama.

"Wallahi, Kanza, a bar shi a wasan! Ya fi ku duka!"

Ita ba ta yi dariya ba. Ta janye ƙafarta daga hannuna, ta ce in biyo ta. A ɗakin canza kaya ta rufe ƙofa, Marwan na tsaye a gefe.

"Sau goma sha huɗu nake faɗuwa a wasan nan, Baba. Kowanne sai ka hau?"

"Kin yi kamar gaske."

"Aikin ke nan."

"Aikin banza."

"Na ji. Amma ran Alhamis mutum ɗari biyar ne. In ka hau, ka kashe ni a gaban kowa. Ko ka rantse, ko ka zauna a gida in naɗa tef."

Na dube ta. Idon uwata ne a fuskarta, kuma uwata ba ta taɓa janye magana ba. In na zauna a gida, tef ɗin kanti ba zai kai ta rabin wasa ba.

"Na rantse da Allah ba zan tashi daga kujerata ba sai an kunna fitilu."

"Ko me ka gani."

"Ko me na gani."

"Marwan, ka shaida."

Ya sunkuyar da kai ya ce ya shaida.

Ran Alhamis muka yi magariba muka kama tasi. Hadda ta sa kaftaninta na zuwa biki, ta cika jaka da soyayyen almon, wanda ake ci kamar gyaɗa, sai ka ce za mu tafiya. A ƙofa samari da 'yan mata sun cika, ana ta busa taba, ana Faransanci. Na bi ta ƙofar baya na ɗaure ƙafar. Da zafi take, kamar burodin da aka fitar yanzu.

Na ce, "Ki bari."

Ta sumbaci kaina. "Je ka zauna, Mu'allim."

Layi na uku, kujera ta tsakiya. Hadda a damana, wani mai tabarau da ƙaramin littafi a haguna. Duhu. Firjin ya fara gurnani.

Na riƙa ƙirga faɗuwarta. A ta biyar, wadda ta yaudare ni, Hadda ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo 'yata!" Na ce mata ta yi shiru, wasa ne. Ta shida, ta bakwai, ta takwas. Marwan yana dire ta a kan dama, kamar yadda na ce. Yaron ya riƙe amana. Na fara tunanin wataƙila Allah zai rufa asiri.

Ba a faɗuwa abin ya zo ba. Wani ɗan tsalle ne da bai kai taki ɗaya ba. Ta dira a kan dama, ta tura da hagu za ta ci gaba. Na ji tas, kamar an karya busasshen kara a ɗaki na kusa. Ta waiwaya baya da sauri.

Duk wanda agararsa ta tsinke sai ya waiwaya. Ji yake kamar wani ya harbe shi a diddige, sai ya juya ya ga wane ne. Na ga haka a wurin 'yan ƙwallo, na gani a wurin 'yan dako. Babu kowa a bayanta.

Sannan ta faɗi, faɗuwa mara kyau, ba irin waɗanda ta koya ba.

Na ce, "Ta tsinke."

Hadda ta damƙi jallabata. "Zauna, tsoho."

"Na ce miki ta tsinke."

"Haka ka ce ran Talata, ka mai da mu abin dariya. Ai kai ka gaya mini yanzu wasa ne."

Wata a bayanmu ta ce mu yi shiru.

Kanza ta tashi. Ta dafa ƙasa da hannu biyu, ta miƙe a kan dama, ta ajiye hagun a shimfiɗe kamar takalmin da ba ƙafa a ciki. Ta yi taku. Ta sake yi. Na san wasan, na gan shi shekaranjiya, saura kusan sulusinsa. Na kuma san abin da ke faruwa a cikin ƙafar. Tsokar sha-raɓa tana jan guntun sama, kowane taku yana ƙara nisanta shi da na ƙasa. Bakin jijiyar yana tarwatsewa kamar tsohuwar igiya. Abin da za a iya haɗawa cikin sauƙi a minti na farko, ba shi ne za a tarar a minti na ashirin ba.

Marwan bai sani ba. Ya zo ya ɗaga ta yadda aka tsara. Da ya sauke ta ƙafar ta ƙi riƙe ta, na ga fuskarsa ta canza. Ya dubi wajen da nake, cikin duhu. Ta kama wuyansa ta faɗa masa wani abu a kunne. Ya ci gaba. Daga nan ya riƙa ɗaukarta a wuraren da ran Talata da ƙafarta ta bi, amma ba ko'ina ba. Akwai inda sai ita kaɗai.

Mai tabarau ya karkato wajena, yana raɗa.

"Ka ga yadda take jan ƙafar nan, Alhaji? Wallahi kamar gaske."

Ya rubuta wani abu a littafinsa.

Na san hukuncin rantsuwa. Ba jahili ba ne ni. Ka karya, ka ciyar da miskinai goma, in ba hali ka yi azumin kwana uku. Hannayena biyu suna kan hannun kujera, na ma ɗaga jikina kaɗan. Sai na tambayi kaina, in na hau me zan yi? Da ƙashi ne, da na karya rantsuwa goma. Ƙashi yana jin maganata. Agara ba ta ji. Babu gora, babu ƙwai, babu addu'ar da ubana ya bar mini da ke haɗa tsinkakkiyar jijiya. Abu ɗaya na iya, in ɗauke ta daga kan ƙafar. Shi ne kuma abin da ta sa na rantse ba zan yi ba, ta san me take nufi da ta ce ko me na gani.

Na koma na zauna. Har yau ban san me ya riƙe ni ba, rantsuwar ko ita.

Ta goma. Ta sha ɗaya. Gumi ya jiƙa mata riga har baya. A ta sha uku ta daɗe a ƙasa fiye da yadda aka tsara, sauran suka yi ta zagaya ta suna jira. Hadda ta saki jallabata. Ta juyo tana kallon fuskata, ba dandamali ba.

"Bushta?"

Idona na kan ƙafar hagun.

Ta sha huɗu ita ce ƙarshe. Duhu ya rufe. Zauren ya tashi tsaye gaba ɗaya, ana tafi, ana fito. Suka fito gaisuwa sau uku, tana rataye tsakanin Marwan da wata yarinya, tana murmushi. Ina zaune ni kaɗai a cikin masu tsayuwa, don ba a kunna fitilun zaure ba tukuna.

Da aka kunna na tashi.

Na same ta a ƙasan ɗakin canza kaya. Na ce kowa ya matsa. Na kwantar da ita rubda ciki, na kwance ɗaurin, na matse sha-raɓar. Ƙafa mai lafiya sai ta motsa. Wannan ko gezau. Na bi da babban yatsa daga diddige zuwa sama, yatsan ya faɗa rami.

"Ɗaure mini, Baba. Saura kwana biyu."

"Babu abin da zan ɗaure."

"Ka ƙara matsewa kawai. Na iya da ita yau."

"Babu komai a wurin, Kanza."

Marwan ya durƙusa kusa da ni.

"Mu'allim, ban dire ta a hagu ba, wallahi."

"Na gani. Ba kai ba ne."

"Me za a yi?"

Mutane da yawa na zaga a rayuwata don sun fara zuwa asibiti kafin su zo wurina. Na ce masa, "Nemo mota. Asibiti."

Washegari da safe aka shiga da ita ɗakin tiyata. Ni da Hadda muna kan benci a baranda. Ba ta canza kaftanin ba.

"Da ka tashi," in ji ta. "Azumin kwana uku ne fa. Ni da na yi maka shi."

"Ke kika riƙe rigata."

"Ni na san ƙashi ne? Ni na san jijiya? Kai ne mai hannu! Yaushe ka fara jin maganata, sai jiya?"

Ta rufe fuska da mayafi.

Likitar mace ce, ba ta kai Kanza shekaru ba. Ta fito ta ce bakin biyu sun rabu da faɗin yatsa huɗu, sun kuma tarwatse, sai da ta aro wata jijiya daga ƙafar ta yi ƙari. Ta tambaya ko ta taka ƙafar bayan ta tsinke. Na ce ta taka.

"Na tsawon wane lokaci?"

"Minti ashirin, ko fiye."

"Ba wanda ya hana ta?"

"Babu."

Aka soke sauran kwana biyun. Jaridu sun yaba, Marwan ya kawo ya karanta mana. Bayan wata ɗaya takardar gayyata ta zo daga waje, birane huɗu. Wata yarinya ce ke koyon ɓangaren Kanza yanzu. Ana kai Kanza wurin gwaji a tasi, ta zauna a kujera tana nuna musu da hannu.

Gidanmu ta dawo, don nata a hawa na huɗu yake. Aka cire simintin da asibiti ya sa wa ƙafar, ta yi sanda biyu, ta koma ɗaya, ta ajiye. Kullum da safe ina murza ƙafar da man zaitun. Sha-raɓar hagu ta zube, ta koma rabin ta dama.

A wata na bakwai, wata safiya bayan na sallami mutum na ƙarshe, ta shigo ɗakin ɗori. Ta dafa bango, ta ɗage ƙafar dama, ta yi ƙoƙarin tashi a kan yatsun hagu. Diddigen ya ɗaga kamar kaurin yatsa, ya yi rawa, ya koma ƙasa. Ta sake. Bai ko kai na farko ba.

Ta zauna a tabarma ta miƙo mini ƙafar.

"Likita ta ce a jira shekara a gani. Kullum a jira. Kai ka gaya mini."

Na bi tabon da yatsa a hankali, daga ƙasa har sama. Ɗinkin ya kama, aikin likitar nan mai kyau ne. Amma agarar ta warke da tsawo. Ta saki, kamar igiyar rijiya da aka ƙulla wa ƙari. Irin wannan ba ta komawa.

"Za ki yi tafiya. Za ki hau bene. Ba mai ganewa sai wanda ya sani."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Na sani."

Ta jira. Na ci gaba da riƙe ƙafar.

"Baba."

"A'a," na ce. "Ba za ki sake rawa ba."

Ta gyaɗa kai. Ta janye ƙafar, ta sa silifa, ta dafa bango ta miƙe. Na miƙa hannu in tallafe ta, ta ce in bari.